Ƙuri'ar da Gwaggo Ba Ta Jefa Ba

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga tafireta a kotu, har yatsunta suka lanƙwashe. Ba ta taɓa leƙa makarantar lauyoyi ba, amma abin da mutum ya buga sau dubu sai ya zauna masa a kai, ko yana so ko ba ya so. Kafin ta yi ritaya mijinta ya rasu, gidan ya yi mata girma. 'Yan unguwa suka laƙaba mata Gwaggo Ƙa'ida, domin ko rigimar kwata aka kawo mata sai ta tambayi me aka rubuta. Sunan tsokana ne, amma ita da gaske take amsawa.

Wannan halin ne ya sa aka jawo ta cikin amintattu biyar na wata ƙaramar ƙungiyar agaji mai makarantar yara kurame, aka ba ta sakatariya. Ita kaɗai ta karanta kundin tsarin ƙungiyar daga bango zuwa bango. Sauran huɗun hannu kawai suka sa, suka tsaya aka ɗauki hoto. Taron wata-wata shi ne babbar fitarta, kuma tun saura awa guda take isa, ta goge teburi, ta jera kujeru, ta zauna jiran mutanen da ba su taɓa zuwa a kan lokaci ba.

Sai kuma ranar Asabar, ranar da 'yarta tilo, mai ɗinki, take kawo mata jikanyarta. Yarinyar shekararta shida, zazzaɓi ya tafi da jinta tun tana goye. Gwaggo na kiranta ƙawata, suna hira da ido da hannu, rabi ba su fahimci juna ba, su dai yi ta dariya. Sauran kwanaki shidan daga ita sai rediyo.

Bana gurbi ɗaya ya buɗe a makarantar. Bayan tantancewa yara biyu suka rage, ɗaya jikar Gwaggo ce.

"Inna, ban ce ki roƙi kowa ba," in ji 'yar. "Ki zauna a kujerarki, in an zo kanta ki ɗaga hannu. Shi ke nan fa."

Gwaggo ta ɗauko buta. Ta ƙara mata shayi.

Ranar taro, da aka iso maganar gurbin, ta miƙe ta faɗa musu cewa ɗaya daga cikin yaran jikarta ce, kuma sashe na goma sha huɗu ya ce amintaccen da magana ta shafi jininsa ya bar ɗakin. Shugaban, wani tsohon hedimasta mai son a tashi da wuri, ya yi dariya ya ce ta zauna mana, su ne nan su-ya-su, wa zai bi diddigi.

"Waccan yarinyar ba ta da kaka a ɗakin nan," ta ce. Ta miƙa masa biro da littafin taro, ta fita.

Kada a ɗauka waliyiya ce. Minti arba'in ɗin da ta yi a kan bencin baranda, addu'a ɗaya take maimaitawa, Allah Ya sa su zaɓi tata. Ta tagar aji tana hango yara suna magana da yatsu, sauri kamar masu tsintar shinkafa, tana ta neman inda ƙawarta za ta zauna. Sau biyu ta miƙe za ta koma ciki. Ba ta taɓa jin kaɗaici irin na wannan bencin ba, har da ranar da aka fita da mijinta.

Aka kira ta. Biyu da biyu aka yi, shugaba ya raba gardama, ya ba ɗaya yarinyar, wadda ta kai shekara tara kuma baɗi ta wuce shekarun ɗauka. Hukuncin bai da aibu, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Ba ta buƙaci kowa ya gaya mata cewa da ta zauna da uku da biyu aka tashi.

Wasiƙar ba da haƙuri aikin sakatariya ce. Ta buga ta babu kuskure ko ɗaya, ta sa hannu. Da ta iya aikawa da wani, amma ta ga bai dace ba, ta yafa mayafi ta tafi da kanta.

Ta tarar labari ya riga ta. 'Yar ta tsayar da keken ɗinki, ta taso har bakin ƙofa, ba ta matsa ta ba ta hanya ba. Can ciki jikar ta hango kakarta, ta yi ta ɗaga hannu tana murna, ba ta san me ake ciki ba.

'Yar ta karɓi ambulan ɗin, ba ta buɗe ba. Muryarta a kwance ta ce, "Sannu da aiki, Sakatariya. Akwai inda zan sa hannu cewa na karɓa?"

Akwai kuwa. Gwaggo ta buɗe jaka, ta miƙa mata littafin karɓar wasiƙu.