Sunan da Dada Ta Ajiye

Dada ba ta taɓa kiran sunana ba. Sulaimanu aka raɗa mini, sunan mijinta da ya rasu tun mahaifina yana ɗan shekara uku, don haka a bakinta ni "Maigida" ne tun ina rarrafe. Ita ce kakata ta wajen uba, Bafulatana siririya mai tafiya a hankali, wadda Hausarta ba ta damu da raba mace da namiji ba. Sai ta dube ni ta ce, "Maigida ta ci abinci?" Mu yi ta dariya, ita kuwa ko a jikinta.

Gidanmu a unguwar Sintali yake, cikin Jalingo. A farkon shekarun casa'in, da aka mai da Jalingo babban birnin jiha, gari ya cika da baƙi da motoci, amma cikin gidanmu babu abin da ya sauya. In an sauke tuwo bayan magariba, Inna takan bar wa Dada murhu da sauran garwashi. Dada ta jawo 'yar kujerarta, ta tura doya biyu ko uku cikin toka, ko masara in lokacinta ne. Mu kuma mu kewaye ta, ni da ƙannena da 'ya'yan wasu 'yan ƙabilar Mumuye da ke haya a bayan gidanmu. Ba ta buɗe baki sai doya ta fara ƙamshi. Sannan ta ce, "To, ga ta nan tafe, wa zai ba ta wurin zama?" Mu amsa, "Ta zauna nan kusa da mu."

Tana da tatsuniyoyin kura da zomo kamar kowace kaka. Amma akwai guda ɗaya da babu dabba ko aljani a cikinta, kuma ita ta fi maimaitawa. Mu muna kiranta tatsuniyar maƙeri.

Wai a wata shekara ta yunwa, wani mutum ya ɓullo daga arewa a ƙafa, da zuga-zugi a kafaɗa, da masaba da awartaki cikin jakar fata. Ƙafafunsa duk sun tsattsage. Ya sauka bakin kogin Nukkai, ƙarƙashin wata tsamiya, ya haƙa rami ya hura wuta. Mai gari ya aiko a tambaye shi sunansa da garinsu. Ya ce a ba shi kwana uku. Ya yi ta ƙira dare da rana. In Dada ta zo nan sai ta ɗauki cokali ta riƙa buga gefen tukunya, tana girgiza kai kamar ita ce a maƙerar. Ran na uku ya miƙa wa ɗan aiken fartanya sabuwa ya ce, "Ka kai masa. Wannan shi ne sunana."

Mai gari ya gwada ta a gonarsa, bai sake tambaya ba. Manoman kan dutse suka riƙa saukowa da doya suna komawa da fartanya da garma. Kowa "Maƙeri" yake ce masa. Daga baya manoman suka ba shi 'yarsu, ta haifa masa ɗa namiji, ta rasu kafin yaye. Yaron ya girma a gindin zuga-zugi, ana kiransa Ɗanmaƙeri. Da ciwon ajali ya kama uban, ya kira ɗan ya raɗa masa sunansa da sunan garinsu a kunne. Ɗan ya riƙe, bai faɗa wa kowa ba sai matarsa, ita ma sau ɗaya.

"Dada, me ya sa ya ɓoye?"

Amsarta ba ɗaya ba ce. Wani daren ta ce aikin tilas na Turawan Faransa ya gudo wa. Wani daren ta ce da ɗan'uwansa suka ɓata. Sau ɗaya ta ce, "Wanda yunwa ta kora daga gida, ba ta so gida ya ji inda ta faɗi."

"Matar fa, wa ta gaya wa?"

"Matar tana da kunya." Daga nan sai ta tono doya ta kakkaɓe toka, ta rarraba mana da zafinta. Ta ce, "Ku yi aikin da zai kira ku. Suna, kowa ma an raɗa masa." Sannan ta rufe da cewa tatsuniya ta naɗe tabarmarta ta tafi, ta bar mana doya.

Na girma da wannan magana ina jin daɗinta. Ban san labarin gidanmu nake ji ba sai wajen ƙarshen shekarun casa'in, da na gama sakandare na sami gurbi a wata babbar makaranta. Cikin takardun da aka ce in kawo kafin a rufe rajista, akwai shaidar cewa ni ɗan asalin ƙaramar hukumarmu ne. Mako huɗu aka ba mu.

Baba tela ne a kasuwa. Ya rufe shago ya raka ni wurin Jauro, wato mai unguwarmu. Jauro ya san Baba, shi ke yi masa ɗinkin Sallah. Ya karɓe mu da fara'a, amma da ya duba takardar sai ya ajiye ta gefe.

"Malam Umaru," ya ce wa Baba, "yanzu abin ya yi tsanani. Tun da aka yi jiha kowa ɗan gari ne. Waɗanda ke tantancewa za su tambayi sunan kakanka da inda ya fito. Akwai masu cewa maƙerin nan daga ƙasar da Faransa ta mulka ya zo. Ka ba ni sunansa da garinsu, ko wata tsohuwar takarda da ta nuna a nan aka haifi mahaifinka, in sa hannu."

Baba ya sunkuyar da kai. A hanyar komawa ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "Maƙerin da Dada ke ba ku labarinsa kakana ne. Ni ma iyakar abin da na sani ke nan." Ya ce dangin Dada ba su so ta auri ɗan maƙeri ba, ita ta kafe. Da agana ta kashe mijin, 'yan'uwanta suka riƙe Baba, suka sayar da kayan ƙira, kuma ba a sake ambaton maƙera a gabansa ba.

Baba ɗan fari ne, ba ya doguwar magana da Dada, don haka ni aka tura. Na same ta tana tsince shinkafa.

"Dada, matar nan mai kunya ke ce?"

Ta ci gaba da tsinta.

"Sunan nake so. Makaranta ta ce sai da shi."

Ta ɗago ta dube ni kamar na zage ta. "Sunan surukina? A bakina? Maigida, jeka wurin masu takarda. Ai su komai sun rubuta."

Muka bi takardu. Limamin unguwa ya fito da littafin ɗaurin aure na mahaifinsa, da ajami, amma shafukan farko gara ta cinye, abin da ya saura duk bayan haihuwar Baba ne. Muka hau dutse zuwa ƙauyen da ake kyautata zaton matar maƙerin ta fito. Littafin cocinsu bai kai can baya ba. Wani tsoho da ba ya gani sosai ya saurare mu har ƙarshe, ya ce da irin Hausarsa ta kan dutse, "Maƙeri na bakin ruwa, babana ta faɗa mini shi. Fartanyansa ba ya karyewa. Suna kam ba mu tambaya ba." Ya ba mu doya uku muka sauko.

Saura kwana tara aka ce mana tsofaffin takardun lardi suna Yola, ba a kwaso su ba lokacin rabon jiha. Muka shiga mota da asuba. A wani ofishi aka haɗa mu da wani dattijon ma'aikaci, ya buɗe mana ɗaki cike da buhunan fayil, wasu ruwa ya taɓa su. Mutumin kirki ne, ya tuɓe babbar riga ya taya mu. Kwana biyu muna tono. Ran na biyu da la'asar ya ciro wani dogon littafi na ƙidayar gidaje da masu sana'a na yankinmu, rubutun boko irin na da. Ya bi da yatsa, ya tsaya.

Layi ɗaya ne. Inda ake rubuta suna an sa "Makeri". Inda ake rubuta asali an sa "bako". A gefe kuma, "da daya", wato ɗa guda.

Baba bai iya boko ba, ni na karanta masa. Ya ce in sake. Na sake. Ya ɗora tafin hannunsa a kan layin ya daɗe bai ɗauke ba. Dattijon ya ce, "Alhaji, wannan ba za ta taimake ku ba. Kalmar baƙon nan ma cutar da ku za ta yi." Duk da haka Baba ya roƙe shi ya kwafe mana layin a takarda.

Da muka dawo gida ba wanda ya ce wa Dada komai, amma ta gani a fuskokinmu. Bayan magariba ta sa aka kori yara, ta kira ni bakin murhu. Baba yana tsaye a ƙofar zaure, ya ba mu baya.

"Allah ya yafe mini," ta ce. "Matso da kunnenka."

Na matso. Na ji numfashinta a kumatuna. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta sake buɗewa. Ta dafa kafaɗata.

"Yana nan," ta ce. "Wallahi yana nan. A ɗakinmu ya faɗa mini, ana ruwa, yana gyara ƙotar gatari. Ina ganin bakinsa." Ta saki kafaɗata. "Maigida, na ajiye shi na hana kowa taɓawa, yanzu na zo ɗauka babu."

Shekara hamsin da wani abu ke nan ba ta furta shi ba, ko a ɓoye. Na ce kada ta damu, mu bi a hankali. Na fara jero mata sunaye: Audu, Garba, Mamman, Tanko, Isufu, Ɗanjuma, Harouna irin na mutanen ƙetaren iyaka. Tana girgiza kai. Na koma garuruwan arewa, duk wanda na taɓa ji. A kan wani ta ce in tsaya, ta maimaita shi a hankali, sannan ta ce, "Ko kuwa a rediyo na ji shi?" Hawaye suka zubo mata. Ban taɓa ganin Dada ta yi kuka ba, ko ranar da ƙanenta ya rasu. Baba ya fita waje. Na zauna riƙe da hannunta har wutar ta mutu.

An rufe rajista ba tare da ni ba. Shekarar na yi ta a shagon Baba ina sa maɓalli da guga. Kusan kowace safiya Dada takan tare ni da cewa ta kusa tunowa, jiya ma ya zo mata cikin barci ya sake tafiya. Ta daina ba da tatsuniyar maƙeri. In ƙannena suka roƙa sai ta ce ta manta ta. Shekarar da ta biyo, wasu dattawa biyu da suka yi wasan ƙasa da Baba suka tsaya mana shaida, aka sa hannu, na shiga wata makarantar da ba ita na so ba. Ina zango na biyu aka aiko Dada ta rasu.

Na daɗe ina jin haushin maganarta, cewa a yi aikin da zai kira mutum. Aikin maƙerin ya kira shi, gaskiya ne, har tsohon kan dutse ya shaida. Amma ranar da jikansa ya tsaya gaban Jauro yana sunkuyar da kai, fartanya ba ta yi magana ba. Na ga laifinsa da ya ɓoye, na ga laifin marubucin da bai matsa masa ba, na ga laifin Dada da kunyarta. Da shekaru suka ja sai na rasa wanda zan kama. Shi ya ɓoye ne don tsoron abin da ya baro. Ita ta yi shiru ne don girmama mutumin da ko ganinsa ba ta yi ba. Kowa ya yi abin da ya sani daidai ne, kuma a tsakanin daidai ɗin nan mutum guda ya ɓace mana. Yanzu ina ganin tatsuniyar ita ce iyakar abin da kunya ta bar ta ta faɗa, shi ya sa ta yi ta maimaita mana ita, ko Allah zai sa wani cikinmu ya gane ya tambaya tun sunan yana kusa da harshenta. Mu kuwa doya muke jira.

Da aka haifa mini ɗan fari, na je na tambayi Baba sunan da za a raɗa. Ya tsufa a lokacin, ido ya hana shi ɗinki. Ya ce, "Da mun san sunan mutumin nan, da shi za a mayar." Can ya ce malamai sun faɗa, duk wanda ba a san sunansa ba bawan Allah ne, sai a ce masa Abdullahi.

Ran suna liman ya sanar, jama'a suka shafa fatiha. Baba ya karɓi jaririn ya kai bakinsa kusa da kunnensa, ya ce, "Sannu da zuwa, Kaka. In ba shi ne sunanka ba, ka yi haƙuri da mu."