Ranar da muka ceto muryar Baba

Shekarun baya, lokacin ina riƙe da wani ɗan shagon buga takardu kusa da tashar mota a Daura, akwai wata tsohuwar kwamfuta a lungu da nake ji da ita. A cikinta na ajiye muryar mahaifina. Watanni kafin rasuwarsa na zaunar da shi na naɗi hirarsa, yana ba da labarin yadda suke kora shanu zuwa Kongolam a ƙafa. Kullum sai in ce gobe zan kwafe, goben ba ta zo ba.

Wata damina aradu ta ƙona na'urar da ke raba wa kwamfutocin shagon adireshi, wato lambar da kowacce ke gane 'yar'uwarta da ita. Tsohuwar dama sautinta da ramukan filashinta sun daɗe da mutuwa, ta waya kaɗai ake ciro abu daga cikinta. Ga shi kuma ta fara wani ƙas-ƙas mai tayar da hankali. Da na duba sai na ga wata baƙuwar lamba mai farawa da 169.254. A ɗan ilimina na lokacin, wannan lamba alamar mutuwa ce. Har na fara yi wa kaina ta'aziyya.

A makon ne mahaifiyata ta zo daga Sandamu, ta biyo ta shago. Ta zauna a benci ta ce, "Kai, an ce kana da maganar mahaifinku a cikin abin nan. Kunna min."

Na fita waje na kira abokina mai gyaran kwamfuta.

Bayan la'asar ya iso a kan babur daga Zango. Ya durƙusa ya gaishe da mahaifiyata, sannan ya leƙa allon ya yi dariya.

"Wa ya ce maka ta mutu? Neman adireshi ta yi, ba wanda ya amsa mata, sai ta zaɓar wa kanta ɗaya. Kafin ta ɗauka ma sai da ta tambaya ko akwai mai shi. Da ta ji shiru ta riƙe."

Ya zaro waya daga jakarsa ya haɗa ta kai tsaye da sabuwar kwamfutata. Muka jira kamar minti ɗaya, ita ma sabuwar ta zaɓi tata lambar, suka ga juna. Aka fara kwafa a hankali, tsohuwar na ta ƙas-ƙas, ni kuwa ina ta salati a zuci.

Da aka gama ya danna hirar a sabuwar kwamfutar. Sai ga tarin Baba, sai ga muryarsa: "To, a wancan zamani..."

Mahaifiyata ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Shanu goma sha biyu ne, ba ashirin ba. Haka yake, sai ya ƙara." Muka fashe da dariya, ita tana dariya tana share ido. Ta juya ga abokina ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Kwana uku bayan nan tsohuwar kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya.

Tun daga ranar na daina yanke wa abu hukunci don kawai ban gane shi ba, na kuma rage cewa gobe. Na rage dai, ban daina ba. Yau mahaifiyata ita ma ta riga mu gidan gaskiya, kuma duk tsawon shekarun da muka yi tare bayan nan, ban taɓa zaunar da ita na naɗi tata muryar ba.