Kunnen Baba Ban-Yarda-Ba

Ƙarfe takwas na safe Baba Ban-Yarda-Ba yake isowa layin masu kayan sauti, kuma kafin ya buɗe shagonsa sai ya ja kwaɗon sau biyu ya ga ko wani ya taɓa. Shekara talatin da huɗu ba wanda ya taɓa, amma bai daina dubawa ba. Ya share tebur, ya jera sukurudireba uku, ya gwada mitarsa da batir kafin ya amince ta gwada masa komai. Sunansa na yanka ya ɓace tuni. An ce ko matarsa idan ranta ya ɓaci da laƙabin take kiransa.

Sana'arsa gyaran amfilifaya, akwatin nan da ke ba sifika ƙarfi. Amma abin da ya fito da shi rakiya ce. Duk mai ƙaramin ƙarfi da ke son amfilifayar gida, Baba yake ɗauka su shiga layin tare, kuma bai taɓa karɓar ladan rakiya ba. Masu shaguna na hango shi sai ka ga ana tura wasu kwalaye ƙarƙashin kanta.

Telan da ke bakin layi shaida ne. Ya ji ana cewa amfilifaya mai nauyi ita ce ta gaske, ya samo wadda da ƙyar ya ɗaga, saura kawai ya biya. Baba ya ɗaga ta, ya karkata ta hagu da dama, ya ce nauyin ba a wurinsa yake ba. A gaban mai shagon ya kwance murfin. Guntun siminti ne aka manne a ciki. Mai shagon ya shiga rantsuwa cewa haka ta zo daga kamfani. Baba ya ce, “To rubuta musu, ka ce sun manta tubalinsu a nan.”

Mai aski ma yana da nasa labarin. An gwada masa amfilifaya mai kyau, aka shiga ciki da ita wai za a sa a kwali, aka fito da wata. Baba ya kifa ta, ya nemi ɗigon jan farcen da ya ɗiga a ƙasanta lokacin gwaji, babu. Ya zauna a kan kanta ya ce ba ya gaggawa. Sai ga ta farko ta dawo, wai kuskure aka yi.

Kai ne, Baba, ka koya wa layin nan cewa lambar da ke jikin kwali ba shaida ba ce. Kai ne mai duba kan sukuru ka faɗi sau nawa aka buɗe akwati. Dodon masu canjin kwali, ba ka taɓa ɗaga murya ba.

Ni kuwa da zargi na saka maka, shi ya sa nake wannan rubutu.

Mahaifinmu ya rasu ya bar sifiku biyu na katako, tsofaffi, waɗanda yanzu ko kayan gyaransu ba a samu. Amfilifayarsu ta mutu bara, falo ya yi tsit, Inna ta daina zama a cikinsa. Ta ce in samo wata, amma ta ja min kunne: idan na ƙona mata sifikun nan, kada in zo mata da bayani. Kuɗina kaɗan ne. Na tafi wurin Baba.

Bai yarda mu shiga layi ba sai da ya zo gida da kansa. Ya juya sifikun, ya karanta lambar da ke bayansu, ya auna falon da taku, ya tambayi Inna ko tana ƙure murya. Ya ce ƙarama mai gaskiya muke nema, domin irin masu cika baki ɗin nan, da zarar an matsa musu sai su turo ƙazamin sauti ya cinye sifika. Da muka shiga layin, ni dai idona na kan wata mai fitilu shuɗi da ja, an rubuta a kwalinta wai ƙarfinta wat dubu biyar ne. Ko kallonta bai yi ba. Ya wuce shago bakwai ya kai ni ƙarshen layi, wurin wata mai kayan gwanjo da ake kira Uwar Layi.

A nan na fara tsarguwa. Aka jona amfilifaya ta farko, ya sunkuya ya raɗa mata magana, ta girgiza kai, ya ce a cire. Ta biyu ma haka. Ta uku, wata baƙa mai kwarzane a goshi, ya raɗa, ta gyaɗa kai, ya ce ita za mu ɗauka. Tun yaushe mai saye ke neman izinin mai sayarwa? Na biya, amma a raina na gama yanke cewa kashe-mu-raba ne, kuma shekara talatin da huɗun nan duk shiri ne.

Kwana uku akwatin na bayan kujera ban jona ba. Inna na tambaya, ina cewa waya nake jira. Rana ta huɗu na koma wurin Uwar Layi ni kaɗai, na yi ta zagaye-zagaye, daga ƙarshe na tambaye ta nawa ne kason Baba.

Ta ce, “Ɗan nan, ba ka da kunya. Ka san me yake raɗa min? Cewa yake, ‘Saurara min sifikan hagu, sautin ya fita tas, ba siririn shuuu? Ni na daina jin sa.’”

Ta ce tun wata biyar da suka wuce ya gane siririn sauti ya fara kuɓuce masa. Bai faɗa wa kowa ba sai ita, domin a duk layin ita kaɗai ce bai taɓa kamawa da ƙarya ba. Biyun farko ma kayanta ne, sun fi tsada, kuma ita ta ce masa suna da shuuu.

Na nufi shagonsa da kunya. Na tarar yana zuba kayan aiki a kwali. Na fara ba da haƙuri, ya katse ni, ya ce da ban zarge shi ba da ya raina ni. Ya ce rakiyata ce ta ƙarshe, domin ba zai ci gaba da raka mutane da kunnen aro ba. “Na kama mutum ɗari a layin nan,” in ji shi. “Da na kama kunnena, ban ga dalilin yi masa alfarma ba.”

A ranar da yamma na jona. Inna ta fito daga ɗaki, ta tsaya a ƙofar falo, ta ce in ɗan ƙara murya. Na ƙara, sifikun suka ɗauka lafiya lau. Ta ja kujerarta ta zauna.

Mun gode, Baba. Tela ya gode, mai aski ya gode, Inna ta ce Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma masu sana'ar da jama'a ke dogaro da idonku ko kunnenku, ku yi koyi da shi. Ranar da kuka ji abin ya fara raguwa, ku tambayi na kusa da ku, ko da mai saye zai gani ya zarge ku. Ni na gani, na zarga, kuma sifikun mahaifina suna nan da ransu.