Saniyar Gidan Malam Jaji

Zaituna matar Malam Jaji ce, wani manomi a gefen Kiyawa, kuma kowa ya san ta da kiwo. Da tari ya kama mijinta har ya rame, kullum sai ta tatsi saniyarsu ta kai masa madarar da ɗuminta, ko zai ji ƙarfi. Kafin kaka Allah ya yi masa rasuwa.

Bayan ta fita takaba, wata likitar dabbobi, Dakta Liyatu, ta zo daga Dutse tana gwada shanun ƙauyen. Aka samu saniyar Zaituna da tarin fuka.

"Inna, kuna dafa madararta kafin ku sha?" in ji likitar.

"A'a, 'yata. Lafiya?"

Likitar ta faɗa mata a hankali cewa cutar tana kama mutum ta ɗanyar madara, amma ba lallai ta nan Malam ya ɗauka ba. Zaituna ta zauna a bakin turke tana kuka, aka kasa rarrashinta. An duba 'ya'yanta a asibiti, lafiyarsu ƙalau. Ita dai har yau ba ta sake kiwo ba.