Tsohuwar da Ta Ce Ta Ƙoshi a Holan

Jiya a ofis wani ya tambaye ni ko na taɓa zuwa Turai. Na ce a'a, amma kakata ta je, kuma saura ƙiris yunwa ta kashe ta a can. Aka yi ta dariya, an ɗauka wasa nake. Wallahi ba wasa ba ne.

Dada ita ta haifi mamata. Bafulatanar Katagum ce, aure ya kawo ta Azare. Ungozoma ce, rabin unguwarmu ita ta yanke musu cibiya, har da ni. Gidanta layi biyu ne daga namu. Da an idar da magariba sai mu tsallaka, ni da ƙanwata Ummi da yaran Kawu, mu same ta a bakin murhu tana gasa mana gyaɗa a toka. Ni "maigida" take ce min.

"Ga maigida nan, ko cefanen gishiri bai kawo ba, sai baki."

Tana da tatsuniyoyin kura da dila, amma mu ba su muke so ba.

"Dada, ta Turai!"

"Ubanku yana ina?"

"Yana masallaci."

"To ku matso. Ga ta nan tafe, amma ba ta dabbobi ba ce."

"Ta iso mu ji ta!"

"Wata tsohuwa ce..."

"Ke ce!" in ji Ummi.

"Wa ya ce ni ce? Na ce wata tsohuwa. Ji min yarinya da baki kamar reza."

Har ta bar duniya ba ta taɓa yarda ita ce ba. Ni dai Dada zan riƙa cewa, Allah ya yafe min.

Ina firamare abin ya faru. Wata ƙungiyar agaji ta Turawa tana aiki kan lafiyar masu ciki a yankinmu, suna so su samo motar da za ta riƙa ɗauko masu naƙuda daga ƙauyukan bakin kogi zuwa asibiti. Sai suka ce a nemo ungozoma ta je Holan ta yi wa mutanensu bayani da bakinta, gari gari, mako biyu. Aka zaɓi Dada. Wata nas ce aka shirya ta yi mata tafinta, sai ga shi cikinta ya tsufa, ba halin hawa jirgi. Aka duba wa ke jin Turanci kuma ya san aikin. Aka ɗauko ma'aikacin lafiya na Gadau.

Babana ke nan. Surukinta.

Ku tsaya ku gane girman matsalar. Dada ba ta taɓa kiran sunan Baba ba. Ko ruwa ba ta taɓa sha a gabansa ba. Shi kuma tun daga zaure yake cire takalmi, ya durƙusa ya gaida bango. Ko magana za su yi, iska suke yi wa. Ita ta ce, "A gaya wa mutanen gida ina gaisuwa." Shi ya ce, "Za su ji." To waɗannan mutane biyun aka haɗa kujera kusa da kujera a jirgi. Da aka kawo abinci Baba ya ce ya gode, Dada ta juya tana kallon taga. Daga nan aka fara.

A can, an sauke ta a gidan wata Baturiya mai zaman kanta, mijinta ya mutu, daga ita sai karenta. Dada ta kasa riƙe sunanta, sai ta sa mata Doguwa.

"In ta tsaya a kanka, maigida, sai hularka ta faɗi kafin ka ga fuskarta."

Baba kuma aka kai shi wani gidan daban, kullum da safe yake zuwa.

Ranar farko Doguwa ta jera abinci a tebur, dankali da kifi, tururi na tashi. Ta yi magana. Baba yana kallon takalminsa ya ce, "An ce bismillah."

Dada ta ce, "A ce mata na ƙoshi."

To me za ta ce? Haka uwarta ta koya mata. A gida baƙo zai ce ya ƙoshi, a ce haba. Ya sake cewa, a ce ko loma ɗaya. A na uku a kai masa kwano ɗaki, a rufe da faifai, a saki labule. An jima a ɗauko kwano babu komai, babu wanda ya ga wani ya ci wani abu. Dada ta gyara zama tana jiran "haba".

Doguwa ta yi murmushi ta ce, "Oke!" Ta ɗauke farantin. Ta juye wa kare kifin.

In Dada ta zo nan sai ta ajiye iccen da take tona toka da shi.

"Kifi, maigida! Tsoka zalla, ko ƙaya babu. Ni da na tashi a bakin kogi ina kallo..."

"Kin ce ni!" in ji Ummi.

"Tsohuwar ce ta tashi a bakin kogi. Za ki ji labari ko za ki tafi gidanku?"

Ba wai Doguwa muguwa ba ce. Ta ma ja Dada har kicin, ta buɗe firij, ta sa Baba ya gaya mata gidanta ne, duk abin da take so ta ɗauka. Amma Dada ta ce ita ba ta taɓa buɗe tukunyar wata mace ba, ba kuma za ta fara da furfura ba.

Na ce, "Dada, firij ai ba tukunya ba ce."

"Tukunya ce mai sanyi. Yi min shiru."

Bayan Baba ya tafi, Doguwa ta sake gwadawa. Ta kai hannu baki, ta ɗaga gira. Ga dama ta samu, ba suruki, ba kowa. Dada ta ce kan tsohuwar ne ya girgiza da kansa, tun kafin ta ba shi izini. Ta tsaya jiran tambaya ta biyu. Doguwa ta ce "Oke," ta kashe fitilar kicin.

Washegari Doguwa ta damu, ta tambayi Baba ko azumi ake. Baba ya ce, "An ce ko azumi ake yi." Dada ba za ta yi ƙarya da ibada ba, ta ce, "A ce mata ba azumi ba ne." Shi ke nan Doguwa ta yanke hukunci cewa baƙuwarta ta taho da abincinta na gida a jaka, hankalinta ya kwanta. Abin da ke jakar kuwa goro ne guda uku. Dabinon da ta taho da shi tun ranar farko ta ba Doguwa tsaraba, ita kuma ta zuba shi a kwalbar gilashi ta ɗora kan kanta don ado. Duk wucewar da Dada za ta yi sai sun haɗa ido da dabinon nan.

Da rana ana yawo da su makarantu da ofisoshi. Ta ga tsofaffi sa'o'inta a kan keke suna sheƙa gudu. Ta ga shanu kamar an hura su, nono har ƙasa, babu makiyayi ko ɗaya. Ta gaida wani mutum a bakin titi ta tambayi iyalinsa, ya ƙara sauri. Duk inda suka je a kawo burodi da cuku a faranti, Baba na gefe, ita ta ce ta ƙoshi, shi ma ya ce ya ƙoshi. Turawa suna ta mamakin mutanen nan da ba sa cin komai.

"Shi kuwa tafintan," in ji Dada, "kullum da safe sai ya zo fuska tana sheƙi. Ban ce komai ba fa. Na dai ce tana sheƙi."

Matsalar ke nan. Mutum ɗaya ne a duk ƙasar Holan yake jin Hausa, kuma shi ne mutum ɗaya a duniya da ba za ta iya ce wa tana jin yunwa ba.

Kwana na uku shi ne babban taron. Zaure cike da mutane, an jera tebura a baya, ƙamshin miya ya cika ko'ina. Goro ya ƙare tun safe. Aka kira Dada ta hau. Ta fara bayani yadda aka shirya, yadda ake ɗora mai naƙuda a amalanke, yadda ruwa ke raba hanya da damina. Tana cikin yi sai ta ga Turawan gaba sun zama bibbiyu. Ta san in ta faɗi a nan, ta faɗi a gaban suruki, bayanin mota kuma ya tsaya a rabi.

Ta dafa tebur ta ce, "A gaya musu zan ba su wani labari."

Baba ya gaya musu.

"Wata tsohuwa ce ta je baƙunta wani gari."

Ya fassara.

"Aka ba ta ɗaki, aka ba ta gado. Aka ce ta ci abinci, ta ce ta ƙoshi, don haka aka koya mata. Aka ɗauke. Ba a sake cewa haba ba."

Ya fassara.

"Yau kwananta uku goro take ci. Yau goron ma ya ƙare."

Mata suka fara zaro hankici. Duk sun ɗauka labarin wani ƙauye ne can Afirka. Doguwa tana layin gaba, ta fi kowa kuka.

Dada ta ƙara da cewa, "Kifinta ma kare aka ba."

Baba bai fassara wannan ba. Ya tsaya baki buɗe, zufa na keto masa cikin sanyin nan. Sai Doguwa ta miƙe, duk tsawonta, tana share hawaye tana faɗa da ƙarfi. Baba ya ce, "An ce waɗanne irin marasa imani ne mutanen garin nan. An ce a ina garin yake."

Dada ta ce, "A ce mata ba nisa. A keke ma ana zuwa."

A nan kullum muke zubewa, yaran Kawu har birgima suke a tabarma.

Baba ya sauka ya ja Doguwa gefe, ya yi mata magana ƙasa ƙasa. Dada ta ce ba ta taɓa ganin mutum ya rikiɗe ya koma tumatir a tsaye ba sai ranar, da ta kalli fuskar Doguwa. Doguwa ta zo ta kama hannunta, ta kai ta wani ɗan ɗaki a baya, ta kawo miya da burodi a tire. Ta nuna mata.

"Sai tsohuwar ta ce me?" Dada ta tambaye mu.

"Ta ce bismillah!"

"Ta ce na ƙoshi."

"Haba Dada!"

"To a fara da me? Don yunwa sai mutum ya zama mara tarbiyya?"

Amma wannan karon an koya wa Doguwa karatu. Ta sake nunawa. Ta kuma nunawa. Ta ajiye tiren, ta fita, ta ja ƙofa, ta kuma janye Baba can ƙarshen zaure.

"Tsohuwar ta ɗan taɓa," in ji Dada.

Daga baya Mama ta gaya min sau uku aka ƙaro miyar.

Dada ta fito ta ƙarasa bayaninta da murya kamar lasifika. Daga ranar kuma Doguwa ta wuce gona. Komai sai ta tambaya sau uku. Ruwa sau uku, bargo sau uku, har banɗaki sai ta nuna sau uku. Masu shirya tafiyar suka ce labarin tsohuwar nan ya taɓa zukata, a maimaita shi a sauran garuruwa. Dada ta ce a gaya musu wannan labarin sai da yunwa yake fitowa, ita kuma yanzu ta ƙoshi da gaske. Motar dai ta zo, ta yi shekaru tana aiki.

Sai Dada ta kaɗe toka daga gyaɗa ta raba mana, ta rufe: "Ƙurunƙus, kan wanda ya kai wa ubansa labari."

Lokacin ina yaro, darasin da na ɗauka shi ne Turawa ba su iya baƙo ba. Da na shiga jami'a na zama ɗan boko, sai na juya, na ce laifin Dada ne, mutum ya faɗi abin da yake so mana. Har na taɓa gaya mata. Ta kalle ni ta ce, "Allah ya ba ka suruka."

Bayan rasuwarta ne na samu ƙarfin halin tambayar Baba. Mun dawo daga sadakar bakwai, muna zaune a ƙofar gida.

Na ce, "Baba, da gaske sai a wajen kifin nan ka gane?"

Ya girgiza kai. Sannan ya ce, "Tun daren farko na gane."

"To me ya hana ka gaya wa Baturiyar?"

"In ce mata Hajiya yunwa take ji? A kawo mata abinci a ce ni na faɗa? Ta san na gani ke nan. Da ba ta sake yarda mun haɗa hanya ba." Ya gyara hula. "Kullum da safe ina zuwa da burodi da dafaffen ƙwai a aljihun kwat. In yi ta neman inda zan ajiye ta tsinta ba tare da ta san ni ne ba. Baturiyar nan kuma gidanta tsaf, ko allura ka ajiye sai ta ɗauko ta tambayi ta wace ce. Da yamma in koma da su."

Na yi dariya har sai da na ga shi ba dariya yake ba. Na daɗe ina neman mai laifi a labarin nan, ban samu ba. Mutum uku ne, kowa yana iyakar ƙoƙarinsa ya girmama ɗan'uwansa, ga tsohuwa a tsakiya tana cin goro. Shi ya sa yanzu in baƙo ya zo min daga Azare ba na ma tambaya. In ajiye masa kula a ɗaki, in ce ana kirana a waya, in fita.

Na ce, "Baba, ka taɓa gaya mata zancen ƙwan?"

Ya kalle ni kamar na zagi wani.

"Kai, Habu. Surukata ce fa."