Ranar da 'Yata Ta Koma Wurin Kura

Shekarun baya can, ina zaune a unguwar Harlem, can ƙasar waje, ni da abokina muka ɗauki aikin sa-kai na koya wa yaran unguwa ƙwallo duk safiyar Asabar. Aka raba mana fili biyu, kowa da yaransa 'yan shekara biyar zuwa shida. 'Yata tana ɓangarena.

Ni fa na taka leda a Kano, don haka gani nake babu na biyuna. Tun Alhamis nake rubuta tsarin ɗumama jiki a takarda: zagaye fili sau uku, tsallen kwaɗo, miƙe ƙafa a layi. Haka aka yi mana, kuma ba mu mutu ba. Abokina kuwa mutumin Kumasi ne, aikinsa kula da tsofaffi, ko bugun kwana bai iya ba. Shi da an fara sai ya ce shi kura ne, yara awaki, kowa ya tsere da ƙwallonsa a ƙafa. Yana gurnani yana faɗuwa, yara na ƙyalƙyala dariya, sun jiƙe sharkaf da gumi.

Dariyar nan ta tsaya min a rai, kishi kamar ya kashe ni. Nawa yaran suna tsalle, idonsu na wajen kura. Har na riƙa ce wa iyaye wancan ai wasan yara yake yi. Wata uwa ta dube ni ta ce, to ai yaran ne.

Wata Asabar muna cikin bas, 'yata ta tambaye ni da Turanci wane laifi su yaran suke yi min kullum. Ashe ta riƙe labarin da na taɓa ba ta, cewa a makarantarmu masu makara ake sa wa tsallen kwaɗo. Kafin in haɗa amsa ta ce, "Baba, yau zan iya zuwa wurin Kawu?"

Haka take kiran abokin nawa. Na ce ta je. Ranar ko usur ban iya busawa da kyau ba.

Da aka tashi abokina ya same ni. "Malam, mu haɗa su mana. Kai ka koya musu bugu, ni in yi kura." Na ce zan duba. Sai da na yi wata guda ina dubawa kafin girman kai ya sake ni.

Na gane yaro da wasa jikinsa ke ɗumi, ba da umarni ba. Amma kada in yi muku ƙarya, kishin bai mutu ba. Yanzu ta girma, tana buga wa makarantarsu, kuma duk ranar da ta ci ƙwallo, Kawu take fara kira a waya kafin ni.