Hunturun Ɗan Mama Lami

Duk wanda ya taɓa shan kunun aya mai sanyi a unguwar Abakpa ya san Mama Lami. Tun da mijinta ya rasu, da firiza ɗaya ta riƙe gidan, har autanta Nathaniel ya gama karatun jinya ya tafi Ingila aikin kula da tsofaffi.

Kowace Lahadi, in ta dawo daga coci, sai ya kira ta a bidiyo su yi ta gasar tsada. Ita ta ce fetur ya fi ƙarfinta, ta rufe janareta, kunu na tsami kafin a kawo wuta. Shi kuma ya yi dariya ya ce, "Mama, ku kuna sayen sanyi, mu muna sayen ɗumi. A nan ba a ɗauke wuta, amma ita ke cinye albashi." Tumatir, gas, kuɗin mota, ba abin da ba sa gwadawa.

Da hunturu ya shiga can, sai ta fara ganinsa da hular sanyi a cikin ɗaki. In ya yi magana, tururi na fita daga bakinsa.

"Nata, ba ka kunna abin ɗumama ɗakin ba?"

"Ya lalace, Mama."

Ba ta yarda ba. Ta ce ya daina turo mata komai sai sanyi ya wuce. Ya ce to, amma bai daina ba.

Wata Lahadin ta hango kurfoti a bayansa, gawayi ya yi ja, taga kuma an toshe ta da tsumma. Ta taɓa zuwa gaisuwar wasu mutanen Katabu da suka kwana da gawayi a ɗaki, ba wanda ya tashi.

"Fitar da abin nan waje, ina kallonka!"

Ya fitar, yana cewa kansa ne ma ke ɗan ciwo.

Lahadin da ta biyo baya bai kira ba. Ta yi ta kira har wayarta ta mutu. Sai ran Litinin wata mace ta ɗauka, ta ce sunanta Umaima, 'yar Zariya ce, tare suke aiki.

"Mama, ki kwantar da hankalinki. A ƙasa muka same shi a ɗakinsa, kusa da kurfoti, yanzu yana asibiti. Yana numfashi."

"Ya yi magana?"

Umaima ta kauce wa tambayar, ta ce likita bai shigo ba tukuna.